Ranar da Aka Sauke Jinka

Maza goma sha biyu suka sa kafaɗa, Barmo mai jinka ya ba su murya, suka ɗaga rufin ɗakin Hajjo ɗungurungum suka dire shi a tsakar gida. Yana taɓa ƙasa ya baje kamar ruɓaɓɓen kwando. Tsohon shuci ya zubo musu a ka, baƙi ƙirin, da kunkunniya da kashin ɓera na shekara goma sha ɗaya. Hajjo ta leƙa ta bakin ƙofa. Rana ta faɗo cikin ɗakin har kan gadon kara, har kan jeren ƙorai, wurin da ba ta sauka ba tun maigidan yana da rai.

"Inna Hajjo, ashe da jemagu kike kwana," in ji Barmo yana kakkaɓe gemu.

"Sun fi ka ladabi. Su ba su taɓa tambayata ko nama ya nuna ba."

Maza suka yi dariya. Rufin Hajjo ne na ƙarshe. Na Raishatu, matar ɗanta Hamidu, da na ƴarta Fatu, tun da sassafe aka sauke su, aka kakkarya tsofaffin sandunan aka tura ƙarƙashin tukunya. Sababbin tsaiko uku suna zaune a gefen darni. Ɗaya an gama baibaye shi da shuci sabo mai ƙanshin kaka, biyu ana kai. Yau Litinin a gama, gobe a ɗora, jibi a yi daɓe. Haka Hajjo ta tsara.

Hanyar mota ce ta kawo aikin. An ce za ta ratsa Tudun Aduwa, ta bi ta kan gida ashirin da wani abu, har da nata. Jika, ɗan aiken mai gari, shi ya zagaya da sanarwa: ranar Alhamis masu awo za su zo daga biron gwamnati su duba gidaje, su auna ɗakuna, kowa gwargwadon ɗakunansa za a yanka masa fili gabas da gari. Iyakar abin da ya shigo cikin gida ke nan. Sauran bayanin a ƙofar mai gari aka yi shi, inda maza ke zama, gidan Hajjo kuwa ba namiji. Mijin Fatu fari ya cinye shi tare da shanunsa. Hamidu ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya yi arewa neman aiki, shekara uku ke nan, ko saƙon baki babu.

Da ta ji kalmar dubawa sai ta ɗaga kai ta kalli rufinta. A farin da ya wuce, da hannunta ta yi ta zare shuci tana ba awaki, har ya zama in kana kwance kana ganin shaho yana wucewa. Mutumin gwamnati ya shigo ya ga haka, ai sai ya ce turken dabbobi ne, ya rage mata. Ita kuwa uku take so a rubuta, cikakku. Tun bara Dado, wan Raishatu, yake aikowa daga Falanko cewa mace ba miji, in har ɗakin ma ya tafi, zai zo ya kwashe ƙanwarsa da ƴaƴanta. Ƴaƴan nan uku su ne abin da ya rage wa Hajjo na Hamidu. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta kira gayya.

Ba roƙo ta yi ba, tuni ta yi wa mutane. Babu ɗaya cikin mazan nan da ba ta san abin da ya kawo shi ba. Wannan ita ta karɓi haihuwar matarsa da ɗa ya zo a gicciye. Wancan jakinta ya yi masa jigilar taki damina biyu. Barmo shi kansa, da uwarsa ta kwanta ciwon ajali, wa ya yi ta juya ta? Hajjo ba ta gori, amma ba ta mantuwa. Kuma ba a tara maza goma sha biyu a ba su gayan tuwo, shi ya sa ta sa aka yanka jar akuyarta, ta ƙarshe da fari ya bar mata.

* * *

Rana ba ta kai tsaka ba aka ji ƙugin mota ta wajen rijiya. Sai ga Jika ya faɗo gidan yana haki, hula a hannu.

"Masu awo ne. Kowa ya je ya tsaya a ƙofar gidansa. Wanda ba a tarar ba, ba a rubuta shi."

"Yau Litinin, Jika," in ji Hajjo.

"Belbeji za su, suka ga hanya ɗaya ce. Mai mota ne ke da rana, Inna."

Kafin ya rufe baki gida ya watse. Rabin mazan nan su ma hanya ta ci gidajensu, sauran kuwa kallo ya ja su. Aka bar allurar jinka a soke, igiyar kaba tana reto. Barmo kaɗai ya tsaya, tsoho ne, gidansa kuma yana can yamma inda hanya ba ta bi ba. Ya dubi bangaye uku a tsaye ba rufi, ya dubi Hajjo, ya soshi ƙeya.

"Inna, na ɗauka kin sani. Na ce ai Alhamis da nisa, shi ya sa ban tanka ba."

"Na san me?"

"A ƙofar mai gari an ce abin da ba shi da rufi ba a auna shi."

Hajjo ta juya masa baya. Akwai lokacin da za ta tuna masa wannan, ba yau ba. Ta ɗaura ɗamara ta kira Raishatu da Fatu, suka kama rufin nan da aka gama. Mata uku da tsoho ɗaya. Suka ɗaga shi ya kai ƙauri. Suka sake, ya kai gwiwa, Fatu ta zame, ya koma ya zauna daram. Abin da ke son kafaɗa goma sha biyu ba ya jin roƙo.

Ta tsaya tana mayar da numfashi, idonta ya faɗa ta kan darni cikin gidan maƙwabcinta, Alhaji Buba mai hatsi. A can aka fara. Mai awon saurayi ne dogo, da farar riga mai aljihu da bikin rubutu a soke. Igiyarsa rawaya ce, tana fita daga wani ɗan gidan fata tana komawa. Jika ya riƙe bakinta a wannan kusurwa, shi ya ja zuwa waccan, ya duba, ya rubuta, su juya su auna faɗi. Suna cikin soro, barorin Alhaji suka ɗauko fallen kwano huɗu suka shimfiɗa a kan katangar turken raguna, suka danne da duwatsu. Aka fito aka auna turke. Aka ce mai awon, Mushe kamar yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati, ya shiga zaure ya sha fura. Kafin ya fito kwanon nan huɗu sun tashi sun koma kan wani tsohon kango da ake tara toka. Shi ma aka auna shi.

Hajjo ta ga wannan duka. Amma ba shi ya ɗauke mata hankali ba. Tafiyar saurayin ta gani, yadda yake jan ƙafar hagu kaɗan, da kunnensa ɗaya mai tsaga.

"Ku kwantar da hankalinku," ta ce wa matan. "Ɗanmu ne."

* * *

Shekarar da soja suka karɓi mulki, lokacin farin farko, wata makiyayiya mai suna Kadi ta gangaro daga arewacin Belbeji, ba saniya ba miji, sai yaro ɗaya yana bin ta. Gari duk aka rufe ƙofa. Hajjo ta buɗe musu ɗakin gabas, wanda Raishatu ke ciki yanzu. Wata bakwai suna ci daga tukunyarta, dusa ce ko ganye, abin da aka samu. Daga baya aka kai yaron lekwal, makarantar boko, a Tanut, uwar ta bi shi. Ga shi yau ya shigo gidan da kaye, littafin rubutunsa, a hammata, Jika yana gaba, shofer mai tuƙa motarsu da Alhaji Buba suna baya, da ƴan kallo.

"Iliya. Iliyan Kadi," in ji Hajjo, ta tafa hannu. "Kai ne ka zama mushe? Kai da na yi ta wa wankan ƙazwa a bayan ɗakin nan kana tsala ihu?"

Shofer ya ƙyalƙyale da dariya. Wani cikin ƴan kallo ya maimaita maganar ga na bayansa. Hajjo ta ga fuskar saurayin ta rufe kamar an ja asabari, ta san ta yi ɓarin baki, amma magana zarar bunu ce.

"Sannu, Iya," ya ce, bai dube ta ba. "Mushe Ilyasu ake ce mini. Ɗaki nawa ne a gidan?"

"Uku. Ga su a gabanka."

Ya zagaya a hankali, ya leƙa wannan, ya leƙa wancan. Gadaje suna nan, ƙorai suna nan, har da zanen goyo a rataye.

"Kango uku na gani."

"Ga rufinsu nan, sababbi."

"A ƙasa suke."

"Don kai aka sauke su. Don kada ka shigo ka ga abin kunya. Alhamis kuka ce."

"Alhamis muna Gangara."

"To zauna ka ci nama, in aika a kira maza. Ko ɗaya ne a ɗora, ka gani da idonka."

Ya dubi agogon hannunsa. Ya ce saura gida goma sha tara, kuma so suke su shiga Belbeji da rana. Hajjo ta dubi ƴan kallo. Samari ne a cikinsu da za su iya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa, don ba wanda ke son mai awo ya shaida fuskarsa a wajen gardama alhali bai zo gidan ubansa ba tukuna. Alhaji Buba ya dafa ƙugu ya ce da ba don bayansa ba.

Ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Ɗakin can kamu tara ne daga bango zuwa bango. Ina tsaye maigidana ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya ya shata shi. Tabarma biyar yake ci. Ba sai ka ja igiyarka ba, kai ma ka sani, a jikin bangon arewa kake kwana. Wata bakwai, Iliya. A kango ka kwana?"

Ya saci kallon ɗakin gabas. Da su biyu ne, wa ya sani. Amma shofer yana tsaye yana sakace, kunnensa a buɗe.

"Iya, ba ni na yi dokar ba. In na auna miki bango ba rufi, gobe kowa ya nuna mini shingen awaki ya ce ɗaki ne."

"Haka ne," in ji Hajjo, ta juya wajen maƙwabcinta. "Alhaji, kwanon nan naka huɗu, ɗaki nawa suka yi yau? Su ba su gajiya?"

Alhaji ya yi tari. Jika ya dubi sama. Mushe Ilyasu ya buɗe kaye, ya ce a nuna masa abin da ke da rufi a gidan.

Abu ɗaya ne. Wani ɗan ɗaki a kusurwa, inda akuya ke fakewa da damina, da ba a ga dalilin taɓa shi ba. Sai da ya durƙusa ya shiga. Jika ya tsuguna a waje ya riƙe bakin igiya, aka ja ta tsakiya, ba ta ko gama fita daga gidanta ba ta taɓa bango. Ya fito da kashin awaki a gwiwar wando, ya yi lissafinsa a gefen takarda, ya rubuta. Ya miƙo tawada. Hajjo ta ɗauka shaidar an zo ce, ta dangwala babban yatsa.

Da suka fita Jika ya dawo da baya, wai ya manta hularsa.

"Inna, igiyar nan da kike gani, tana miƙewa in an shafa mata mai. Ba sai abu mai yawa ba. Alhaji rago ya sa a mota. Ke ko jar akuyar nan taki ce, zan yi miki magana."

Hajjo ta nuna masa tukunya da haɓa.

Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe.

"Ai kuwa kin yi sauri," ya ce.

Duk da haka ta zuba cinya guda a akushi ta aika. Mushe bai taɓa ba. Shofer ya ci, ya aiko cewa gishiri ya yi daidai.

* * *

Ranar Talata mazan gayya suka dawo, ba wanda ya aika musu, ba kuma wanda ya yi wasa da ita. Suka gama baibaya, suka ɗora rufi uku, Barmo ya ɗaure kan kowanne da hannunsa. Laraba mata suka yi daɓe. Gidan Hajjo bai taɓa kyau irin na wannan lokaci ba. Masu wucewa zuwa rijiya har tsayawa suke yi.

Ranar kasuwar Tanut ta hau jaki ta tafi biro. Ta zauna a gindin bango tun hantsi har la'asar kafin wani magatakarda ya kira ta. Ta yi masa bayani tun daga fari har zuwa akuya. Ta ce a aiko ko wane ne ya gani, rufi yana sama. Ya saurare ta, ba laifi, ya jawo wata takarda mai shuɗin rubutu ya juya mata.

"Wannan yatsan wa?"

"Nawa ne."

"To kin yarda ke nan, Iya. Uwar takardar ma ta tafi Damagaram."

A kasuwa ta sami wani mai goro da ya san inda Kadi take. Ya ce tana Damagaram a gidan ɗanta, gidan siminti, har da famfo. Hajjo ta ba shi saƙo, ba mai tsawo ba. Ta ce ya ce mata Hajjo ta Tudun Aduwa tana gaishe ta, kuma ɗakin gabas yana neman shaida. Bayan mako uku mai goro ya aiko da amsa. Kadi tana gaisuwa ƙwarai, ta ce sha'anin aikin yara ba ta sa baki. Ta haɗo da sabulu guda ɗaya, mai ƙanshi.

Hajjo ta jujjuya shi a hannu. Wata bakwai. Ta ba Fatu ta ce a wanke wa yara kai.

* * *

Kwana arba'in da ɗora rufi aka zo aka kafa turakun siminti gabas da gari. Na Alhaji Buba, in ka tsaya a wannan turke sai ka ɗaga murya na wancan ya ji ka. Na Hajjo yana manne da shi ta kudu, irin wanda ake ba mai ɗaki ɗaya. Ta taka shi da ƙafarta, taki tara a tsaye, bakwai a kwance. Ta sake takawa ko ta yi kuskure. Ɗaki ɗaya zai zauna, da murhu, da ɗan wurin kewayawa. Su takwas ne, har da ƴaƴan Fatu biyu.

Aka sake kiran maza, aka sauke rufin nan uku, aka ɗauko su a ka zuwa sabon wuri. Katafila ba ta daɗe a kan bangayen ba. Rufi ɗaya aka ajiye a tsakiyar fili, aka tokare shi da sanduna kafin a yi gini. Biyu ba su sami wuri ba, aka dire su a bakin iyaka, rabi a nata, rabi a na Alhaji.

Dado bai yi wata-wata ba. Bayan kwana shida ya iso daga Falanko da amalanken shanu. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya yi mata jaje, sa'an nan ya dubi inda mutum takwas ke kwana.

"Inna, kin gani dai da idonki."

"Na gani."

"Ba raba ki da su zan yi ba. In Hamidu ya dawo, ko kika sami wuri..."

"Dado, ɗaura kayanka. Rana tana yi."

Raishatu tana kuka tana naɗe tabarmi. Ta zo ta durƙusa, ta ce Inna ta yafe mata. Hajjo ta ce ba ta yi mata komai ba, shekara tara ko kallon banza ba ta taɓa yi mata ba, wannan kuma a rubuce yake a inda ba a sa yatsa. Dado ya tsaya yana murza hula, ya ce akwai wata magana, yana jin nauyi. A Falanko bana shuci ya yi wuya, kuma ɗakin da zai sa ƙanwarsa bango ne kawai.

Hajjo ta dubi rufin ɗakin gabas.

"Nata ne. Ku ɗauka."

Aka kira mutane suka ɗora shi a kan amalanke, aka ɗaure da igiya ta kowane gefe. Ya fi amalanken faɗi, ya rufe ta ruf, har gefensa yana sharar ƙasa. Saboda rana aka tura yaran ƙarƙashinsa tare da uwarsu. Shanu suka ja. Daga inda Hajjo take tsaye ba a ganin ƙafa ba a ganin mutum, sai ɗaki sabo yana tafiya a kan yashi, yana rangaji, ya bi ta tsakanin aduwoyi ya yi kudu. Can wani ɗan hannu ya ɓullo ta ƙarƙashin shuci, bai san ta inda zai ɗaga ba, ya koma.

Ta daɗe a tsaye. Abin da ya juyo da ita wani ƙaras-ƙaras ne a bayanta. An kawo ragunan Alhaji sabon wurinsu, sun sami rufin da ya rage, sun kafa kai suna zarar shuci ta ɓangarensu. Fatu ta sunkuya ta ɗauki kara.

"Bar su," in ji Hajjo. "A filinsu suke."